Aisin yana narkewa a kan kek lokacin zafi: me kuke yi?

Maman Ilham, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu zafin rana yana haura digiri 40, wuta kuma ba ta zama. Kek ne na suna ko na murnar ranar haihuwar yara, inci 8, a gama shi da safe a yanka bayan la'asar. Kafin azahar aisin ɗin bota, wato haɗin bota da sukari da ake shafe kek da shi, ya fara sheƙi, furanni su kwanta, gefe ya zamo ya taru a kan faranti. Don Allah kowa ta faɗi abin da take yi da hannunta, kuma da awo, kada a ce "ki zuba kaɗan".

Hajiya Rabi, Sakkwato

Wa alaikumus salam. Maman Ilham, fara duba man da kike bugawa, don a nan matsalar take tun kafin a zo batun rana. Bota ta gaskiya, ta madarar shanu, tana narkewa tsakanin digiri 32 da 35, ɗakin girki kuwa a watan Afrilu ya wuce haka ko ba a kunna murhu ba. Majarin mai laushin nan na cikin roba da ake shafa wa burodi shi ma bai dace ba, ruwa ya yi masa yawa. Majarin na gashi mai tauri ake so, wanda ake auna miki a kilo a shagon kayan kek, sai ki haɗa shi da shotinin, farin man nan daskararre, wanda sai zafi ya kai wajen digiri 45 yake sakin jiki.

Awon da nake aiki da shi: majarin giram 125, shotinin giram 125, sukarin aisin giram 550, madarar gari babban cokali 3, garin sitaci na masara babban cokali 1, gishiri ɗan yatsa biyu, filebo ƙaramin cokali 1. Ki buga man shi kaɗai minti 5 har ya yi haske. Ki tankaɗe sukari da madara da sitaci tare, ki zuba kashi uku, kina bugawa a hankali. Ruwa ko madarar ruwa kada ya wuce babban cokali 1, kuma sai idan ya yi taurin da wuƙa ba ta iya shafa shi. Madarar gari da sitaci suna tsotse damshi, gishirin kuma yana karya zaƙin, don sukarin yana da yawa.

Da zarar ya haɗu ki kashe miksa. Bugun da ya wuce ƙima yana ɗumama haɗin, ki ga ya yi laushi tun yana cikin kwano.

Anti Jummai, Kaduna

Hajiya, na yarda da awonki, amma shotinin zalla ina roƙon kada kowa ta gwada don neman tauri. Yana tsayawa da kyau, sai dai yana barin maiƙo a dasashi, yara su kankare shi su ture gefen faranti. Rabi da rabi ne iyaka. Wani abin kuma, zafin tafin hannu kaɗai yana narkar da aisin a cikin ledar zane, wadda ake matso shi da ita. Ki cika leda biyu rabi-rabi, ɗaya a hannu ɗaya a kan ƙanƙarar da aka rufe da tawul, kina musanyawa duk bayan minti 5.

Ummu Sadiq, Maiduguri

Yawancin kek ɗin da aisin ke zamewa a kansa, cikinsa ne bai huce ba. Sama yana yin sanyi a hannu, tsakiya kuwa da sauran ɗumi har awa 3 ko 4 bayan fitowa daga obin. Ki gasa da daddare, ki bar shi minti 15 a gwangwani, ki juye a kan raga ya sha iska, in ya huce sarai ki naɗe da leda ya kwana. Ado kuma bayan sallar asuba, lokacin da gari yake da sauƙi. Daga ƙarfe 10 aikin ya fara yi miki gardama.

Wajen haɗa yanka biyu, ki zagaye bakin na ƙasa da zobe na aisin mai tauri sannan ki cika tsakiya, kaurin cikon kada ya wuce rabin santimita. In ya yi yawa, nauyin na sama zai matse shi ya ɓullo a gefe kamar ɗamara. Sai ki yi shafin farko siriri wanda zai kama burbushi, ki bari ya kama jiki minti 20 zuwa 30, sannan shafi na biyu.

Maman Ilham, Kano

Na gode ƙwarai. To wannan minti 30 ɗin, in babu wuta, firij kuma ya riga ya huce, ina zan sa shi?

Ummu Sadiq, Maiduguri

Babbar kula. Ki sayi ƙanƙara ta bulo, ki ƙulle ta a leda biyu don kada ruwa ya tsiyayo, ki shimfiɗa a ƙasan kula, tawul a kai, sai faranti ko ƙaramin tire, sannan kek a cikin kwalinsa. Kwalin kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, zai jiƙe gindinsa ya rufta. In ba a yawan buɗewa tana riƙe sanyi daga safe har la'asar.

Inna Hadiza, Dutse

Akwai kuma tukunya cikin tukunya, wadda Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi a jiƙa shi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. A busasshen zafi irin na bazara tana aiki sosai wajen ajiye majarin da aisin da aka riga aka buga, a cikin roba mai murfi. Amma fondan, kwaɓaɓɓen sukarin nan da ake murzawa a lulluɓe kek da shi, kada ya shiga, cikinta akwai laima, zai yi danƙo.

Anti Zainab, Abuja

Ni kam in kek zai yi tafiya ko zai zauna a ƙarƙashin rumfa, ganash nake shafawa, ba aisin ɗin bota ba. Cakulet ne da kirim kawai. Na baƙin cakulet, kashi 2 na cakulet da kashi 1 na kirim. Na fari, kashi 3 da 1, a tsananin zafi kuma 4 da 1, domin farin ya fi laushi. Kek inci 8 mai tsayin inci 4 yakan ci kamar giram 600 na farin cakulet da kirim mililita 200, har da ɗan saura.

Ki yayyanka cakulet ƙanana, ki ɗumama kirim har ya fara ƙananan kumfa a gefen tukunya amma kada ya tafasa, ki zuba a kai, ki bari minti 2, sannan ki juya daga tsakiya zuwa gefe. Ki rufe da leda ta taɓa samansa, ya kwana a ɗaki. Da safe zai yi kaurin man gyaɗa na shafawa, shi ne daidai. Cakulet na girki da aka yi da man tsiro, wanda ake ce wa kwamfawun, ya fi jure zafi kuma ya fi araha, ko da yake bai kai na asali daɗi ba. Kwano da cokali su bushe ƙayau, don ɗigon ruwa a cikin narkakken cakulet yana sa shi ya dunƙule ya yi tsaki-tsaki. In kuma kika ga mai ya taso a sama, zafi ne ya yi yawa. Ki zuba madara mai ɗumi ƙaramin cokali ɗaya-ɗaya kina juyawa har ya koma.

Hajiya Rabi, Sakkwato

Gaskiya ne 'yata, ganash ya fi tsayawa. Kuɗinsa ne kawai sai a faɗa wa mai kek tun farko, don ya ninka na majarin.

Maman Nana, Maraɗi

Sannunku da aiki. A nan gato muke ce masa, zafin kuwa iri ɗaya ne da na Katsina. Zan yi magana a kan fondan, don mutane suna ɗauka in an lulluɓe da shi an huta. Fondan kansa ba ya narkewa da wuri, abin da ke ƙarƙashinsa ne yake narkewa, sai ki ga gindin kek ya yi tumbi ko ya tattare. Shafin ƙasa ya zama siriri, kuma in da hali ganash ne.

Haɗin gida: jelatin, garin da ke daskarar da ruwa, babban cokali 1 a jiƙa a ruwa mililita 60 na minti 5, a narkar a kan ruwan zafi ba tare da ya tafasa ba, a zuba gulukos na ruwa mai kauri rabin kofi da gilisarin babban cokali 1, sai a juye a cikin sukarin aisin kamar giram 900 da aka tankaɗe da CMC, garin da ke ƙara wa fondan danƙo, ƙaramin cokali 1, a cuɗa, a naɗe da leda ya kwana. Ku duba kwalin jelatin, a sayi wanda aka rubuta na shanu ne ko na kifi kuma halal, don da yawa daga fatar alade ake yin shi.

Gilisarin yana janyo damshi daga iska. Da damina ki rage shi zuwa rabi, in ba haka ba fondan zai yi ta naso. Da hunturu kuwa ki sa shi cikakke kuma ki shafa ɗan shotinin a hannu, don iskar tana busar da shi ya tsattsage a baki-baki kafin ki gama lulluɓawa. Ki murza shi kaurin milimita 3 zuwa 4. In kumfar iska ta taso daga baya, ki huda da siririyar allura ta gefe ki lallaɓa da yatsa.

Zufar da yake yi bayan fitowa daga sanyi raɓa ce, iska mai ɗumi ce ta sauka a kan abu mai sanyi. Ki bar shi a rufe cikin kwali kamar awa 1 don raɓar ta sauka a kan kwalin, sannan ki buɗe ki sa fanka daga nesa. Kada ki goge, kada ki taɓa, shatin yatsa ba ya fita. Ja da baƙi su ne suka fi zuba a kan fari in ya yi zufa, don haka ki yi amfani da kala mai kauri ta kwalba, ba ta ruwa ba, ki kwaɓa tun jiya don ta nuna ba tare da kin zuba da yawa ba.

Anti Jummai, Kaduna

Furanni da haruffan suna kuma, a yi su da aisin ɗin farin ƙwai, zafi ba ya taɓa shi. Farin ƙwai 2, sukarin aisin giram 450, ruwan lemon tsami ƙaramin cokali 1, a buga har ya tsaya a kan cokali. Ki zana a kan takardar gashi kwana 2 kafin biki su bushe, ranar sai ki ɗora. Ko ɗan maiƙo a kwano yana hana shi tashi, ki goge kwanon da lemon tsami tukuna. In yara ƙanana ko masu juna biyu za su ci, ki sayi garin farin ƙwai na gwangwani maimakon ɗanye.

Kirim na madara da ake bugawa ya yi kumfa, wannan ki cire shi daga lissafi in babu firij a wurin bikin. Ba narkewa kaɗai ba, lalacewa yake yi, a irin wannan zafin awa 1 a waje ya isa ya ɓata wa yara ciki.

Anti Zainab, Abuja

Saura kai shi wurin. In hawa biyu ne, na sama ya zauna a kan nasa allon, a kafa sanduna 4 a cikin na ƙasa, a yanke su daidai da tsayinsa, ɗaya doguwa kuma ta ratsa duka biyun ta tsakiya. A mota ƙasa ake ajiye kwali, wurin sa ƙafa na gaba, a kan jiƙaƙƙen tawul da aka matse don kada ya zame. Kujera a karkace take, cinya kuma tana da ɗumi, but ɗin mota kuwa tanda ne. A kunna sanyin mota minti 10 kafin a shigo da shi. In adaidaita sahu ne, a ɗauki shata, a riƙe kwalin ta ƙasa da hannu biyu, a fita kafin rana ta take. Can kuma a ajiye shi a ɗaki mafi sanyi nesa da taga, kada a fito da shi kan teburin ado sai saura minti 20 a yanka.

Maman Ilham, Kano

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Hajiya Rabi, tambaya ɗaya ta rage: awon nan naki zai isa inci 8 har da cikon tsakiya, ko in ninka?

Hajiya Rabi, Sakkwato

Amin. Zai isa ciko ɗaya da shafi biyu in yanka biyu ne. In za ki yi zanen baki da furanni da shi, ki ƙara rabin awon, kuma ki ware na zanen ki ƙara masa sukari babban cokali 3 ya fi na shafi tauri.