Neman shawara: yadda zan tabbatar da sunan ƙwarin da na kama a gonakin shinkafa

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe a fannin nazarin dabbobi, kuma ina cikin damuwa game da kundin kammala karatuna. Tun farko a kan sauro na so in yi aiki, aka ce wasu sun riga ni, na nemi na ƙwarin rumbu shi ma aka ce an ɗauka, daga ƙarshe malamin da yake duba aikina ya ba ni dangin ƙwarin da ake kira Staphylinidae, ya ce in tattaro na gonakin shinkafa da ke wajen Kura. Kuɗin motar ma yayata ce ta riƙa ba ni daga ɗinkin da take yi. Na kafa fitila da farin ƙyalle da daddare, na kama da yawa. Mafi yawansu sirara ne, ba su kai santimita ɗaya ba, kansu baƙi, wuyansu ruwan lemo, gajeren murfin fiffikensu shuɗi mai ƙyalli, ƙarshen cikinsu baƙi, kuma suna ɗaga ƙarshen cikin nan sama idan suna gudu. Na gwada su da hotunan intanet na rubuta Paederus sabaeus, amma malamin ya dawo mini da babin, ya rubuta tambaya cewa ina hujjata. Lokacin miƙa kundi ya ƙarato, ku taimaka mini da mafita.

Malami mai nazarin ƙwari: Wa alaikumus salam. Ƙanena, malaminka yana da gaskiya. Dangin nan yana da nau'i fiye da 60,000 da aka siffanta, kuma jinsin Paederus kaɗai, wanda Fabricius ya raɗa wa suna a 1775, yana da fiye da 600, da yawansu da wannan launin da ka zayyana. Launi zai iya kai ka kusa da jinsi, musamman idan ka duba ƙafa ka ga gaɓa ta huɗu ta tafin a rabe take gida biyu, amma ba zai kai ka ga nau'i ba. Sai ka ware mazan, waɗanda ake gane su da tsaga mai zurfi a ƙasan ciki kusa da ƙarshe, ka ciro al'aurar namiji a ƙarƙashin madubin likita, ka jiƙa ta a ruwan sinadarin caustic potash (KOH) ta yi garau, sannan ka kwatanta siffarta da zanen da masana suka wallafa. Ba ka gaya mana a cikin me ka adana su ba, kuma ba ka ce akwai maza ba.

Manomi daga Kadawa: Yaro, wannan ai hangara kake faɗa, mai sa mutum bororo. Mu a nan feshi muke yi, sai dai maganin da ake sayar mana yanzu ya ninka kuɗi kuma ba ya kashe komai, ga taki ba ya zuwa sai shinkafa ta wuce lokacinsa, babu kuma wanda yake tambayar halin da muke ciki.

Malami mai nazarin ƙwari: Baba, da girmanka, ba hangara ba ce. Hangara tana cikin dangin Meloidae, ta fi wannan girma nesa, murfin fiffikenta ya rufe cikinta, kuma furen gero da na wake take ci. Ba tsatso ba ne kuma, domin tsatso yana da matsefi a ƙarshen cikinsa. Wannan ƙwaro maharbi ne, ƙananan ƙwarin da suke tsotsar shinkafa yake cinyewa, don haka feshin da kuke yi yana kashe mai taimakonku.

Mai tambaya: Malam, a bushe suke. Na soke su da fil ɗin tela a kan kwali, domin ɗakin bincikenmu ba shi da sinadarin adanawa, kuma haka na ga an yi wa fara da malam-buɗe-littafi a ajinmu. Ni dai a ganina hoton da na gani bai bambanta da nawa ko kaɗan ba.

Ma'aikaciyar jinya: Ɗan'uwa, don Allah kada ka murƙushe su a jikinka. Ba sa cizo, amma ruwan jikinsu yana ɗauke da dafin pederin, sai bayan kwana ɗaya ko biyu fata ta yi ja, ta tashi a miƙe kamar ƙunar wuta, kuma idan hannun ya taɓa ido sai ya kumbura. Wanke wurin da sabulu nan take yana rage ɓarnar. Abin da yake ɓata mini rai shi ne duk damina ana kawo mana yara an riga an shafa musu toka ko man goge haƙori, wani kuma an ba shi maganin wata cuta daban, idan muka yi magana a ce mun raina iyaye.

Tsohuwar ɗaliba: Kada a tsorata ka. Paederus sabaeus sananne ne a Afirka, yana cikin waɗanda ake kira ƙudan Nairobi, ka bar sunan yadda yake ka ƙara hotuna masu kyau. Mu a zamaninmu madubi ɗaya ne ga aji gaba ɗaya, kuma mai riƙe da makullin ɗakin ba ya zama, to wa zai tsaya fiɗar ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba?

Malami mai nazarin ƙwari: Malama, ta wannan hanya ce sunayen da ba a tabbatar ba suke shiga rubuce-rubuce, wani ya kwafa daga wani. Paederus fuscipes ma yana da wannan kama, kuma a gonakin shinkafa aka fi saninsa. Ƙanena, ƙwaro mai taushin ciki irin wannan manna shi ake yi a ɗan kati ko a saka shi a etanol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, domin fil yana farfasa shi, bushewa kuma tana janye gaɓoɓin ciki su shige juna. Duk da haka za ka iya tausasa su da ruwan ɗumi ka ciro al'aurar. Idan hakan ya gagara, ka rubuta Paederus sp., wato sunan jinsi kawai ba tare da na nau'i ba, ka tsaya a nan, ko ka nemi izini ka kwatanta su da na ɗakin adana ƙwari na Samaru, Zariya.

Wani ɗalibin digiri na biyu: Ni shawarata a bar fiɗa a yi gwajin ƙwayar halitta, a karanta sashenta da ake kira COI, wanda ake bambance nau'o'i da shi, a gwada da rumbun bayanan ƙwayoyin halitta.

Malami mai nazarin ƙwari: Da wane kuɗi? Kuma ƙwarin Afirka da yawa ba su cikin rumbun, ko suna ciki da sunan da shi ma ba a tantance ba.

Mai tambaya: Na gode muku duka. Amma taken kundina cewa ya yi tantance nau'o'i, idan na tsaya a jinsi za a ce ban cika manufar aikin ba, kuma ba ni da kuɗin zuwa Zariya a wannan watan. Akwai wasu ƙanana baƙaƙe ma da ban ambata ba, su ko jinsinsu ban gano ba. Shin a cikin Kano akwai wanda yake da madubin da zan iya ara, ko kuwa in koma wurin malamin in roƙe shi ya karɓi hotunan?