"Present" kalma ɗaya ce ko biyu?

Baban Yara: Jama'a, malamar yarona ta soke masa amsa don ya raba "present" haka: pre-sent. Wai pres-ent ne daidai. Ni dai na ce son gyara ne kawai. Kalma ɗaya, rabo ɗaya.

Mai Alli: Yallaɓai, a wace jimla ta zo? Nan gizo ke saƙa. In kyauta ake nufi, ko yanzu, ko amsar ɗalibi idan an kira sunansa a aji, nauyin murya kan gaɓar farko yake: PREZ-ent. In kuwa aikatau ce, wato miƙa abu ko gabatar da mutum, sai ya koma ta biyu: pri-ZENT. Ƙamusun Merriam-Webster ma haka ya raba su, pres-ent da pre-sent.

Baban Yara: Kyautar ranar haihuwa ce a jimlar. Amma Malam, haruffan nan bakwai ba su canza ba!

Uwar Biyu: Yaya, "kuka" na hawaye da "kuka" itaciya fa? Rubutu ɗaya, amma ba wanda ya taɓa cewa abu ɗaya ne. Mu karin sauti ke raba mana, su nauyin murya.

Ɗan Ajin Ƙarshe: Ni ina bayan Baba. Ɗigon da ke raba kalma a cikin ƙamus na masu buga littafi ne, yana nuna inda za a yanke kalma in layi ya ƙare. Baki ba ya bin sa. Wa ke tsayawa bayan z sannan ya ce "ent"?

Mai Alli: Rabin gaskiya ka faɗa, ɗana. Ɗigon na yankan layi ne, amma ba da ka aka sa shi ba. A Turanci gajeren wasali mai nauyi, irin e ɗin nan, ba ya rufe gaɓa shi kaɗai, sai ya jawo baƙin da ke biye da shi. Shi ya sa "record" ma ke yin rec-ord da re-cord. Kunnenmu ne ke ƙi, don gaɓar Hausa ba ta farawa da wasali, ba ta kuma farawa da baƙi biyu. Dubi yadda "primary" ta zama firamare.

Baban Yara: To na ji. Amma yaron aji huɗu za a ɗora wa wannan? Da ta ba shi rabin maki.

Uwar Biyu: Yanzu kuma maganar maki muka koma, Yaya?

Mai Alli: In ta koya musu bambancin kafin jarrabawa, sokewar na kan hanya. Tambaye shi ko ta koyar.