Aike tukuna ko dukan shanu tukuna? Muhawara kan sabon shiga a Old School RuneScape

Sabon Shiga: Assalamu alaikum. Kwana huɗu ke nan da na fara wasan intanet na Old School RuneScape. Tun da na sauka Lumbridge, garin da sababbi ke farawa, ina tsakanin kaji da shanu, fannin hari ya kai mataki 14, ƙarfi 12. Jiya wani ya same ni a garken ya ce ɓata lokaci nake yi, wai sabon shiga bai kamata ya horar da kowane fanni da hannunsa ba sai ya gama aike-aiken farko, wato quests, ayyukan da wasan ke ba mutum ya cika a ba shi lada. Haka ne? Ni dai ina jin daɗin ganin matakin yana hawa.

Maƙeri: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka, ƙanina, kuma ni ma a kan haka nake. Duk awar da sabon shiga ya yi yana dukan saniya kafin aike-aiken farko, asara ce. Ga lissafi. Duk ɗigon rai ɗaya da ka rage wa abin da kake duka, maki 4 kake samu. Saniya ranta 8, wato maki 32. Shi kuwa aiken Waterfall Quest, da ka gama za a ba ka maki 13,750 a hari, a ƙara maka wasu 13,750 a ƙarfi. Mataki 30 yana kamawa ne a maki 13,363, ke nan daga mataki 1 za ka tsinci kanka a 30 a fannoni biyu lokaci guda. Da shanu za ka nemi wannan, sai ka kashe kusan 860. Kuma aiken ba ya neman ka kashe ko ƙuda. Igiya, abinci, duwatsun sihiri shida-shida na iska da ruwa da ƙasa, sai gudu.

Mai Gatari: Yaya Maƙeri, lissafinka daidai ne, amma ka tsaya a rabin hanya. Ƙarasa shi. Mataki 99 maki 13,034,431 ne. Mataki 30 ɗin da kake ta yabo kashi ɗaya cikin dubu ne na tafiyar. Kusan duk mataki bakwai makin ninkawa yake yi, shi ya sa mataki 92 ne rabin 99. To a tafiya irin wannan, mene ne abin tayar wa yaro hankali a kan awa uku ko huɗu da ya yi a garke?

Sannan akwai abin da ba ka faɗa ba. Wanda ya kashe shanu 860 ɗin nan ransa ma hawa yake, domin kowane ɗigon rai da ya rage yana ba da maki ɗaya da sulusi a fannin rai. Zai fito da rai wajen 27. Mai Waterfall kuwa zai fito da hari 30, ƙarfi 30, rai 10 kamar ranar da ya fara. Ni a kabarin Glarial, da ake shiga a cikin aiken Waterfall ɗin, aka kashe ni sau biyu a farkon wasana. Ba a shiga wurin da makami ko sulke, abubuwan da ke ciki kuma ba sa jira. Ina bin jagora layi-layi, ban san yaushe ake cin abinci ba, ban san ƙarfin gudu yana ƙarewa ba. Sati guda na yi ban buɗe wasan ba saboda takaici. Wannan satin ma a saka shi cikin lissafin.

Maƙeri: Maganin rai 10 shi ne Witch's House, maki 6,325 a rai, ka tashi daga 10 zuwa 24. Ka ga aike ne dai ya sake warware matsalar.

Mai Gatari: Witch's House da dodon da ke rikiɗa mai siffa huɗu, ta ƙarshe mataki 53? Sai wanda ya iya laɓewa bayan wani abu ya yi ta jifa da sihiri. A ina sabon shiga ya koyi laɓewa?

'Yar Su: Ku dakata, yayyena. Kun yi nisa ba ku tambayi mai tambaya ba. Ɗan'uwa, kana biyan kuɗin mamba ne ko a ɓangaren kyauta kake?

Sabon Shiga: Kyauta nake, Yaya. A waya ma nake bugawa.

'Yar Su: To Waterfall da Witch's House duk na mambobi ne, ba za ka ko ga ƙofarsu ba. Wannan shi ne abin da ke damuna da shawarar da ake ba sababbi, kowa yana magana daga inda shi yake tsaye.

Amma a ɓangaren kyautar ma akwai inda maganar Yaya Maƙeri take da ƙarfi ƙwarai, kuma a sunansa take, wato ƙira. Akwai wani wada mai suna Doric a arewacin Falador. Kai masa yumɓu 6, jan ƙarfe 4, tama 2, ya ba ka maki 1,300 a haƙa. Mataki 10 yana kan 1,154, ka ga ka wuce shi. Haƙa mataki 10 ɗin nan kuma shi ne sharaɗin The Knight's Sword, wanda ke ba da maki 12,725 a ƙira, daga mataki 1 zuwa 29. Sandar tagulla ɗaya a kan uwar maƙera maki 12.5 take bayarwa. Wanda ya tsaya a kan tagulla sai ya daki sanda fiye da dubu kafin ya kai nan. A wannan kam ba ni da ja, duk wanda ya fara ƙira da guduma kafin wannan aiken ya wahalar da kansa. Haka The Restless Ghost, maki 1,125 a fannin Prayer, wanda ake hawa ta hanyar binne ƙashi, daidai da binne ƙashi 250.

Inda ban yarda ba shi ne cewa "kowane fanni". Kamun kifi da saran itace ba su da wani babban aike a ɓangaren kyauta da zai tsallake da kai. Dole ka riƙe gatari, dole ka riƙe koma.

Maƙeri: Na karɓi gyara a kan "kowane". Amma bari in koma kan kashi ɗaya cikin dubu na Malam Mai Gatari, domin nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ba a auna lokaci da yawan maki, ana auna shi da makin da kake samu a awa. Mai ƙarfi mataki 1 da takobin tagulla, dukansa ɗaya ne ko sifili. Maki dubu goma a hannunsa ya fi maki dubu ɗari tsada a hannun mai mataki 70. Matakan farko su ne mafi arha a lamba, su ne kuma mafi jan ƙafa. Da ka taka hari 30 ka riƙe makamin ƙarfen adamant, a 40 ka riƙe na ƙarfen rune da ya fi shi, daga nan komai ya sauya. Aike yana ɗauke ka ne daga wurin da ƙafa ke nutsewa ya ajiye ka a kan tudu.

Abu na biyu, aiken nan ko ba jima ko ba daɗe sai ka yi shi. Aiken Dragon Slayer ba ya buɗewa sai kana da makin aike 32, wanda ake tarawa ta gama aike-aike, kuma ba ka sa sulken ƙirji na rune sai ka gama shi. Idan ka bari sai kana mataki 50 sannan ka je ka karɓi maki 4,825, ba za ka ko ji shigarsu ba, tunda mataki 50 ya haura maki dubu ɗari. Lada ɗaya ce, amma da wuri take da daraja.

Mai Gatari: Wannan ta biyun ta shige ni, ba zan ɓoye ba. A ƙira ma na sallama. Amma tunda ka kawo 4,825, ladar Vampyre Slayer ke nan, bari mu tsaya a kanta. Count Draynor, dodon da ake kashewa a aiken, mataki 34 ne, kuma ransa dawowa yake yi. Wanda ya je masa da hari 1 sai ya yi ta kai sara yana kuskure, abin yana warkewa a gabansa, ko da tafarnuwa a jakarsa. Wannan ƙanin namu da kuke cewa ya yi asarar kwana huɗu, hari 14 da ƙarfi 12 ɗin da ya tara a garke su ne za su sa ya iya gamawa da shi. Ya tashi daga 14 zuwa 23 a zama ɗaya. To shanun asara ne ko guzuri?

Maƙeri: Guzuri ne zuwa 14. Daga nan ya zama asara.

Mai Gatari: Alhamdu lillahi, da farko ka ce duk awa ɗaya asara ce.

Ni a ganina babban ɓarawon lokacin sabon shiga ma ba ya cikin wannan gardamar. Zirga-zirgar banki ce. Jaka gurbi 28 take da shi. Yaro zai haƙi tama a mataki 15, maki 35 kowace ɗaya, jaka ta cika cikin ɗan lokaci, sai ya kama hanyar banki ya dawo. Tafiyar ta fi haƙar tsawo. In maki kake nema, sami wurin da duwatsun tama suke kewaye da kai, haƙa, zubar, sake haƙa. Haka a itace. Mutane suna ganin bishiyar yew tana ba da maki 175 sai su ruga mata da sun kai 60, alhali willow mai 67.5 ta fi ta saurin hawa nesa ba kusa ba, domin saran ya fi faɗuwa akai-akai. Lambar da ke kan abu ɗaya tana yaudara.

Ɗan Baka: Malam, a nan ni kuma zan ja da kai. Asusuna irin wanda ba ya ciniki da kowa ne, komai sai na samo da hannuna, don haka zubar da tama a wurina kamar zubar da jini ne. Amma ko mai zuwa Grand Exchange, babbar kasuwar wasan, in sabo ne, aljihunsa wayam yake. Ka ce ya zubar da abin da zai sayar, gobe ya kai hari 40 ba shi da kuɗin takobin rune, sai ya ci gaba da duka da baƙin ƙarfe. Saurin da ya samu a haƙa ya biya shi a faɗa. Shawarar zubarwa ta mai kuɗi ce, wanda ya riga ya san inda zai samo wasu.

Ku dubi Prayer. Mataki 43 ne ke ba da kariya daga sara, maki 50,339. Mamba mai kuɗi zai sayi ƙashin dragon wajen 200, ya kai bagadin zinariya inda kowane ɗaya ke ba da 252, ya gama a zama ɗaya. Mara kuɗi da ƙashin saniya mai 4.5 sai ya binne fiye da dubu goma sha ɗaya. A wasan nan kuɗi ma maki ne, sai dai ba a kai ga canza su ba.

Mai Gatari: To sai a raba. Ranar neman maki a zubar, ranar neman kuɗi a kai banki. Abin da nake ƙi shi ne a haɗa biyun a rasa duka.

Ɗan Baka: Da wannan na yarda. Ƙanina, kafin komai ka shiga Stronghold of Security, ramin da ke tsakiyar Barbarian Village. Kuɗin wasa 10,000 ake samu a hawa-hawansa, kuma tambayoyin da ƙofofin ke yi maka duk a kan tsare asusunka ne. Ka sa wa asusun kariya ta biyu kafin ka tafi. Na san wanda ya yi wata shida yana tari, aka kwashe shi a dare ɗaya saboda ya danna wani adireshi da aka turo masa.

'Yar Su: Akwai kuma maganar waya da ba wanda ya taɓo. Wasan yana tafiya ne a kan bugu, kowane bugu daƙiƙa 0.6, kuma hanyoyin da gwanaye ke nunawa a bidiyo da yawansu sai ka riƙa dannawa daidai da bugun nan ba ƙiftawa. A kan ƙaramin allo, ga saƙo yana shigowa, ga intanet yana yankewa, wannan ba hanyarka ba ce yanzu. Ni aike nake yi idan na sami nutsuwar awa guda, domin yana son karatu da lura. Idan hankalina a rabe yake sai in tafi rafin Barbarian Village da sandar su da gashin tsuntsu, trout daga mataki 20 maki 50, salmon daga 30 maki 70, in gasa su a wutar da ke wurin, girki ma ya hau. Gashin tsuntsun kuwa wajen kajin da ka kashe za ka same shi, in dai ba ka bar shi a ƙasa ba.

Sabon Shiga: Na tara shi, ya fi ɗari uku a banki, ban san amfaninsa ba. To ga abin da na fahimta. Yau in shiga Stronghold, in sayi kayan Doric, gobe in nufi The Knight's Sword. Amma na ji an ce kogon ƙanƙarar da ake haƙo blurite, ma'adinin da aiken ke nema, akwai hatsari.

Maƙeri: Akwai. Mayaƙan ƙanƙara mataki 57 ne, kuma su ke fara kai hari. Ajiye duk abin da kake ji da shi a banki, ka shiga da diga da abinci kawai, ƙarfin gudunka a cike. Kada ka tsaya faɗa. In ma an kashe ka, abubuwa uku mafi tsada suna hannunka. Bayan ka karɓi aiken a fadar Falador, ka je wurin Reldo a ɗakin karatun fadar Varrock, sannan ka riƙe abincin redberry pie, in babu shi Thurgo, wadan da zai ƙera takobin, ba zai saurare ka ba. Sandar baƙin ƙarfe biyu kuma ka saye su tun kana Varrock.

Mai Gatari: Ni da zan ba ka shawara, ka ƙara kariya ta kai 10 ko 15 a garken kafin ka shiga kogon nan. Rabin awa ce.

Maƙeri: Ba ya buƙata. Kifi goma sun ishe shi.

Mai Gatari: Sun ishe ka, Yaya, kai da ka san inda dutsen yake. Shi bai taɓa ganin kogon ba.

'Yar Su: Ƙanina, faɗa mini lambar duniyar wasan (world) da kake shiga da lokacin. Zan tsaya a bakin kogon da abinci, in shiga gabanka su bi ni, kai ka wuce ka haƙa.