Neman shawara: ina so in maida bincikena kan ajiyar tsoffin faifai a Solo, amma gida sun ƙi

Ɗalibi a Solo:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min da shawara, kwana uku kenan bana samun bacci. Ina mastas a Indonesiya, garin Solo da ake ce wa Surakarta a tsakiyar tsibirin Java, fannin laburare da adana bayanai, kuma saura wata bakwai tallafin karatuna ya ƙare. Bincikena kan laburaren makarantu ne, har na rubuta babi biyu.

To watan jiya wani ɗan ajinmu ya ja ni wani waje da ake kira Lokananta. Asalinsa kamfanin buga faifai ne na gwamnati, an kafa shi 29 ga Oktoba 1956, aikinsa na farko shi ne kwafar shirye-shirye a faifai a rarraba wa tashoshin rediyon gwamnati wato RRI, daga baya suka fara sayar wa jama'a, da zamani ya juya suka koma kaset. An gyara ginin an sake buɗe shi a 2023, yanzu har da ɗakunan da baƙi ke zagayawa. Wallahi da na shiga inda aka jera faifan nan sai da jikina ya yi sanyi, faifan garmaho wajen 53,000 ga asalin zaren ɗauka sama da 5,000, ga kiɗan gamelan na mutanen Java ga wani salon waƙarsu da ake kira keroncong ga waƙoƙin wasu tsibirai da ko sunan yarensu ban taɓa ji ba. Akwai muryar Sukarno, shugaban ƙasarsu na farko, yana karanta shelar 'yancin kai, kuma ashe ba a ranar 17 ga Agusta 1945 ɗin aka ɗauki muryar ba, sai a 1951 aka sa shi ya sake karantawa. Ina tsaye a wajen sai kwalin kaset ɗin marigayi mahaifinmu ya faɗo min a rai, yana nan a sito a gida, damina biyu ruwa na taɓa shi, har da wanda ya ɗauki muryar kakanmu da rikodarsa.

Yanzu dai so nake in canza take in koma kan yadda ake ceto tsoffin sauti. Yayanmu ya ce kiɗa aka tura ni in karanto? Hajiya kuma ta ce in gama in dawo kawai. Ya zan yi?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, saurara da kyau. Kada ka canza komai. Wata bakwai kake da shi ba shekara bakwai ba, kuma babi biyu a hannu ya fi babi biyar a zuciya. Na ga yara da yawa da irin wannan zumuɗin, ƙarshe tallafi ya yanke biza ta ƙare a dawo gida ba takarda. Ka gama abin da ya kai ka. Gidan faifan ba guduwa zai yi ba.

Maman Ilham:
Ni dai kalmar canza take ma tayar min da hankali take. Sau uku sufabaiza ta ta sa na canza nawa, sau uku, ina goyon wata huɗu a lokacin, in kai mata aiki ta ajiye a mota ta manta, in kira ta ƙi ɗagawa, shekara biyu ta zama huɗu da rabi kuma har yau ba wanda ya ce min sannu. Kai da naka ke tafiya lafiya me ya kai ka.

Abu Sumayya:
Yayanka ya fi ka gaskiya. Ka bar iyayenka ka ƙetare teku sannan ka ɓata lokacinka a adana kaɗe-kaɗe? Ka ji tsoron Allah ɗan uwa.

Ɗalibi a Solo:
Malam Allah ya saka da alheri, amma ba makaɗi zan zama ba. Hanyar da ake ceto zaren waƙa ita ce dai ake ceto zaren tafsiri da wa'azi da jawabin shugabanni, kuma rabin kwalin babanmu ma karatun malamai ne. Baba Baban Khalifa na ji maganarku, amma wannan ba zumuɗi ba ne. Ku duba, a 2007 da Maleshiya ta sa waƙar Rasa Sayange a tallan yawon buɗe idonta aka yi ta cacar baki, faifan da Lokananta ta buga lokacin wasannin Asiya na 1962 a Jakarta na cikin abin da 'yan Indonesiya suka fito da shi a matsayin hujjar cewa waƙar tasu ce. Mu in aka ce mu kawo hujjar namu ina za mu ɗauko?

Baban Khalifa:
Ka ga irinta ko. Ana maganar takardarka kana maganar Maleshiya. Amsa min abu uku. Sun ba ka izinin shiga ma'ajiyar a rubuce? Kana jin yarensu har ka yi hira da ma'aikatan? Wa zai biya maka haya in ka wuce wata bakwai?

Ɗan Damagaram:
Ni na goyi bayanka ɗan uwa, ka canza. A Yamai akwai cibiyar CELHTO da aikinta kenan, tattara tarihin baka da muryoyin dattawa, kuma masu wannan ilimin ba su da yawa a ƙasashenmu. Mu da tsohonmu ya rasu ƙannena suka kwashe kaset buhu guda suka zuba a bola ina tafiya, da na dawo har kuka na yi, akwai muryar mahaifiyarmu a ciki tana aika masa saƙo lokacin yana ci-rani, har yau ba ma magana sosai da ƙaramin.

Mai Gyaran Rediyo:
Batun makaranta ban sani ba, amma kwalin nan ka kira gida yau a fitar da shi daga siton. Kada kowa ya saka kaset mai funfuna a rediyo, zai naɗe zaren ya kuma ɓata kan injin. A ajiye su a inuwa inda ba danshi, a tsaye ba a kwance ba, nesa da sifika saboda maganaɗisu, kada a shanya a rana. Ranar da za a kwafa a kwamfuta a yi shi a WAV, wato tsarin da ba ya rage ingancin sauti, a bar MP3 sai na turawa a waya.

Ɗalibi a Solo:
Na gode Oga, zan faɗa wa ƙanwata, ita kaɗai za ta yi ba tare da Yaya ya sani ba. Baba, izini ban nema ba tukuna amma sufabaiza na ya ce ba zai yi wuya ba. Yaren ina ji daidai na kasuwa, kuma abokina zai riƙa min tafinta. Maganar gaskiya ma na riga na cike fom ɗin canjin tun ranar Litinin, sa hannu ɗaya ya rage.

Maman Ilham:
Au, ka riga ka cike? To shawarar me kake nema kuma?

Baban Khalifa:
Dama na sani. Je ka karɓo fom ɗin nan gobe da safe ka yaga. In kana son faifai ka yi digiri na uku a kai, ni zan fara yi maka addu'a. Kuma ɓoye wa yayanka abu a gidan da yake riƙe da shi ba tarbiyya ba ce, ka kira shi da kanka.

Ɗan Damagaram:
Baba ku yi haƙuri, zaren kaset ba ya jiran digiri na uku.

Ɗalibi a Solo:
Ba zan iya yagawa ba Baba, a yi min afuwa. Akwai wanda ya san ko ana ƙara wa mutum ko da zango ɗaya ne in tallafi ya ƙare? Kuma hayar fa, har yanzu ban lissafa ba.