Me ya sa wasan barkwanci ba ya gundurata, amma shiri mai dogon zango kallo ɗaya yake isata?

Tsohon Mai Kallo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ina ƙaramin yaro, lokacin da talabijin ɗinmu ba ya nuna komai sai fari da baƙi, nake son wasannin kwaikwayo, kuma har yau da furfura ta fara cika mini kai wannan so bai ragu ba. Da Samanja na buɗe ido, wasan marigayi Usman Baba Pategi, daga baya na san Mr. Bean da sauran wasannin barkwanci na ƙasashen waje, sannan na shiga bin shirye-shirye masu dogon zango waɗanda ake jiran ci gabansu mako-mako.

Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Wasan barkwancin da na kalla shekaru talatin da suka wuce, idan na sake cin karo da shi yau, sai in zauna in yi dariya kamar ban taɓa ganinsa ba, alhali na san abin da zai faru tun kafin ya faru. Amma shirye-shiryen da suka hana ni barci a da, waɗanda na zubar da hawaye a kansu, da na koma musu sai in ji zuciyata ba ta tare da su. Shin shekaru ne suka canza ni, ko kuwa bambancin yana cikin yadda ake gina wasannin? Ina neman ƙarin haske daga masu irin wannan sha'awa.

Malamin Adabi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. A ganina bambancin yana cikin ginin ne, domin kowanne daga cikin biyun da abin da yake riƙe mai kallo da shi. Wasan barkwanci yana tsayawa ne a kan hali. Jarumin ba ya canzawa, yadda aka bar shi a makon jiya haka za a same shi a wannan mako, kuma kowane kashi yana ƙarewa ne komai ya koma inda aka faro. Saboda haka sanin ƙarshen labari ba ya rage komai, sai ma ya ƙara, domin mai kallo yana hango kuskuren tun daga nesa, yana jiran lokacin da zai auku. Mr. Bean da ka ambata kashi 15 ne kacal Rowan Atkinson ya yi tsakanin 1990 da 1995, amma mutane da dama suna ɗauka ya fi haka nesa ba kusa ba, saboda yawan maimaita shi da aka yi ba tare da ya gunduri kowa ba. Ƙarancin magana a cikinsa ma ya taimaka, tunda ba a buƙatar jin Turanci kafin a gane shi.

Wannan maimaici yana da tarihi. Shirin I Love Lucy na Amurka, wanda aka nuna daga 1951 zuwa 1957, an ɗauke shi a kan fim da kyamarori uku a gaban 'yan kallo na zahiri, a zamanin da yawancin shirye-shirye kai tsaye ake watsa su, kwafin da ake ajiyewa kuma ba shi da inganci. Wannan ya sa aka samu hoto mai kyau da za a iya sake nunawa shekara da shekaru, kuma dariyar da ake ji a ciki ta mutanen da suke wurin ce.

Shi kuwa shiri mai dogon zango, mafi yawansa da ɗokin sanin abin da zai biyo baya yake riƙe mutum. A watan Maris na 1980 aka harbi J.R., babban jarumin shirin Dallas na Amurka, a cikin labarin, aka bar duniya tana tambayar wanda ya harbe shi har watan Nuwamba, kuma fiye da mutum miliyan 80 a Amurka suka zauna kallon daren da aka bayyana amsar. Wanda ya riga ya san amsar ba zai sake jin wancan ɗoki ba.

Uwar Biyu ta amsa:

Malam, na gamsu da bayaninka a kan barkwanci, amma ban yarda cewa duk shiri mai dogon zango kallo ɗaya yake yi ba. Wanda aka gina a kan ɓoye sirri kaɗai shi ne yake mutuwa da zarar sirrin ya fito. Ni shirin da ya fi zama a raina shi ne Oshin, wanda gidan talabijin na NHK a Japan ya nuna daga 1983 zuwa 1984, kashi 297, kowanne minti 15. Tun daga farkon shirin ana nuna jarumar, Oshin, tana tsohuwa mai wadata, tana tuna baya, ke nan mai kallo ya san ta rayu, ta kuma samu rufin asiri. Duk da haka, duk lokacin da na kai wurin da aka raba ta da mahaifiyarta tana 'yar shekara bakwai, aka tura ta aikatau saboda talaucin gidansu, sai hawaye ya zo mini. Da ina budurwa yarinyar nake tausayawa. Yanzu da na haifi nawa, uwar nake kallo, ina tunanin abin da take ji a ranta lokacin da take sallamar 'yarta. Shirin bai canza ba, amma abin da nake gani a cikinsa ya canza, don haka ina ganin shekarun ma suna da hannu a ciki.

Ɗan Zamani ya amsa:

Baba, ina neman izini in ƙara wani abu, ko da yake ban kai ku daɗewa a kallo ba. Ina zaton wani ɓangare na abin da kake kewa ba ya cikin shirin kansa, yana cikin jiran da aka yi masa da kuma mutanen da aka kalle shi tare da su. Idan aka nuna kashi ɗaya a mako, kwana shida ake yi ana tattauna shi, ana musu a kan wanda yake da gaskiya, har 'yan wasan su zama kamar mutanen gida. A 1983, lokacin da aka nuna kashin ƙarshe na M*A*S*H bayan shekara 11 ana yinsa, fiye da mutum miliyan 100 suka kalla a dare ɗaya a Amurka, kuma shi wannan shiri ya haɗa dariya da baƙin cikin yaƙi a wuri guda. Mu kuwa mun taso ne bayan Netflix ya saki kashi 13 na House of Cards gaba ɗaya a 2013, muka saba cinye zango guda cikin kwana biyu, kowa shi kaɗai da wayarsa. Na lura cewa waɗanda na kalla ta haka ba na iya tuna ko sunayen jarumansu bayan 'yan watanni.

Tsohon Mai Kallo ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta sa na gane cewa shirye-shiryen da na koma musu na ji ba daɗi duk masu ɓoye sirri ne, ban gwada komawa ga waɗanda aka gina a kan rayuwar mutum ba. Ɗana, kai ma ka taɓo inda yake mini ciwo, domin yawancin waɗanda muke zama gaban talabijin tare da su a wancan lokaci sun riga mu gidan gaskiya, kuma idan ina dariyar tsohon wasa muryoyinsu nake ji a gefena. Zan nemi Oshin in fara shi daga farko tare da jikokina, kashi ɗaya a kowane dare, kuma ba za mu wuce hakan ba ko da sun matsa mini.