Jane Eyre: wanda kuka kalla, ya kuka same shi?

Malamar adabi: Salamu alaikum. Ɗalibaina na karanta Jane Eyre na Charlotte Brontë, wanda ya fito a 1847, ina so in nuna musu shi a majigi bayan sun gama. Waɗanda suka kalli fim ɗin ko shirin talabijin, don Allah ku gaya min yadda kuka same shi.

Wani ɗan jami'a: Malama, ni na 2011 na kalla, wanda Cary Fukunaga ya ba da umarni, Mia Wasikowska ce Jane, Michael Fassbender kuma Rochester, maigidan da take wa aiki. Hoto kam ba a magana. Da kyandir suke yawo cikin Thornfield, gidan Rochester, duhu ya cinye kusurwa-kusurwa, har na rage ƙarar wayata lokacin da aka fara jin motsi daga sama. Sai dai sun fara labarin daga tsakiya, Jane tana gudu cikin ruwan sama, sannan a koma baya. Ƙanwata da ba ta karanta littafin ba ta yi ta tambayata waye wannan, me ya kore ta. Awa biyu ba ta ishe labarin ba.

Anti mai ɗinki: Ƙanena, ai nan matsalar take. Ni na BBC na 1983 na bi, kashi 11, ina kan keke ina leƙe. Shi ne bai yi rowar zance ba. Hirar Jane da Rochester a gaban murhu, yana tsokanarta tana mayar masa da amsa ba tsoro, ita ce ruhin labarin, kuma a nan kawai na ji ta cikakkiya. Har wurin da ya yi shigar tsohuwa mai duba don ya bugi cikinta sun bari. Abin da ya dame ni ɗaya ne: a littafi an ce Rochester ba kyakkyawa ba ne, sai ga Timothy Dalton, wanda daga baya ya zama James Bond. Ina ganinsa na ce to yarinya, wa zai ga laifinki?

Maman biyu: Anti kin ba ni dariya. Ni na 2006 ya fi kwanta min, kashi huɗu, Ruth Wilson ce Jane, Toby Stephens kuma Rochester. Idonta kaɗai ya isa ya gaya maka abin da take haɗiyewa. Amma Malama ki duba shi tukuna kafin ki sa wa yara, akwai wurin da Rochester yake lallashin Jane kada ta tafi wanda suka ƙara masa gishiri fiye da littafi. Da maigidana muka kalla. Da aka tsayar da ɗaurin aure a coci, asiri ya tonu cewa Rochester yana da mata, Bertha, da ya auro a Jamaika ya kulle a saman bene saboda taɓin hankali, sai maigidana ya ce shi bai ga abin gudu ba, ta shiga a ta biyu mana. Na ce Alhaji, Ingila ce, dokarsu mace ɗaya, in ta zauna dadiro ta zama. Kuma ko a nan, mutumin da zai ɓoye miki uwargida a gidan da kike kwana har ranar aure, sai an yi tunani.

Baba mai ritaya: 'Ya'yana, mu na 1943 muka sani, baƙi da fari, Orson Welles ne Rochester, Joan Fontaine kuma Jane. Muryar Welles ta danne kowa, har Jane ta koma 'yar rakiya a labarinta. Sun kuma yanke zamanta wurin St John Rivers, limamin cocin da ya ba ta mafaka bayan ta gudu, da gadon fam 20,000 da baffanta ya bar mata. To in ka cire wannan, ka cire dalilin da ya sa ta dawo wurin Rochester da ƙafarta, da dukiyarta, ba neman mafaka ba. Masu son fim ɗin Indiya kuma su nemi Sangdil na 1952, Dilip Kumar da Madhubala, daga wannan labarin aka ɗauko shi.

Malamar adabi: Allah ya saka, Baba. Na 1983 zan sa musu kashi-kashi, sai in yanko musu wurin gobarar ɗakin Rochester daga na 2011 su kwatanta.