Wanda ya shiga hamam sai ya yi gumi

Ɗalibi a Istanbul: Assalamu alaikum. Turkawa suna cewa "Hamama giren terler", wato wanda ya shiga gidan wanka sai ya yi gumi. Mai gidan da nake haya ne ya faɗa mini ranar da na yi masa kukan tsadar littattafai. Da wane karin maganarmu za mu haɗa shi?

Mai Shago: Ai a fili yake. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Alhaji, ban bi ka ba. Wanzami kuɗi ya karɓa, amana ce a wuyansa. Mai shiga hamam kuwa shi ke biya. Ya fi kusa da "kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa".

Ɗalibi a Istanbul: Malam, naka da ƙamshin laifi a ciki, shi ya sa bai kwanta mini ba. Na shiga hamam ɗin Çemberlitaş, wanda magini Sinan ya gina a 1584 don Nurbanu, mahaifiyar Sarki Murad na Uku. Zane za ka ɗaura, ka kwanta a kan wani faffaɗan dutsen marmara a tsakiyar ɗaki, zafi na tasowa daga ƙasa, haske na sauka ta 'yan ƙofofin kubba. Mai cuɗa yakan jira gumi ya keto maka tukuna, don sai fata ta yi laushi dauɗa ke fita. Gumin nan shi aka zo nema.

Gwaggo: Ɗana, ka faɗi gaskiya. Duk wadda ta yi wankan jego ta san ba a gudun ruwan zafi. Su ma can mata sukan kai mai jego hamam ranar arba'in, amarya ma haka kafin biki, a yini da abinci da waƙa. Ni dai "bayan wuya sai daɗi" nake ji a ciki.

Mai Shago: Gwaggo, a yi haƙuri, kuɗi dai ake nufi. Wannan hamam ɗin ma a matsayin waƙafi aka gina shi, a da kuɗin shigarsa masallacin Nurbanu da ke unguwar Üsküdar a Istanbul ake kai wa. Kuma kukan me yaron nan ya yi aka faɗa masa maganar?

Malamin Hausa: Nan kam ka kama ni, Alhaji. Ɗalibi, ka tambayo mana mai gidan ko suna faɗin ta ga wanda rashin lafiya ta kama, tunda shi bai zaɓi shiga ba.